Ranar da Na Raka Gawa a Kan Keke

Abubuwan kunya da yawa na tafka a Nima, wasu na manta, wasu na yi kamar na manta, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka gawa masallaci a kan keken tsere ba. Farkon shekarun casa'in ne, ina saurayi, ina ɗinki a wani shago a Maamobi, kuma abu biyu ne kacal a kaina: keke da Memuna. Memuna 'yar Alhaji Mumuni ce, dillalin goro, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa a waje ba. Manyana sun kai gaisuwa, ya ce a ba shi lokaci ya ga natsuwata tukuna. (Ni kuwa a lokacin ko a sallah da ƙyar nake samun natsuwa.)

Kekena na hannu ne daga Turai, mai siraran tayoyi. Wata rana Masa Isaka, Bazabarmen da muke sayen kayan keke a wurinsa, ya kwance sabon buhu ya nuna mini wata irin feda da ban taɓa gani ba. Da takalminta take zuwa. A ƙarƙashin takalmin akwai ɗan ƙarfe, kana takawa sai ka ji ƙas, ƙafarka ta kulle da fedar. In za ka sauka sai ka murɗa diddige waje ta sake ka.

Iri biyu gare shi, ta roba da ta ƙarfe. Ya ce, "Cale, abokina, ɗauki ta robar. Tana saki da wuri, ita ce ta masu koyo."

Masu koyo! Ni da nake hawan keke tun ƙafata ba ta kai ƙasa? Raina ya ɓaci. Na ɗauki ta ƙarfen, na jinjina nauyinta, na buga ta da dutse don in ji ko za ta yi ƙarko, sannan na sa shi ya ɗaure sukurunta har ƙarshe, wai kada ƙafata ta suɓuce ina tsakiyar gudu. Ya ɗaure yana girgiza kai, ya ce in jingina da bango in yi kwana uku ina koyon cirewa kafin in hau titi. Na ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa mai wa'azi a cikin trotro, motar hayarmu.

Washegari da safe aka yi shelar rasuwar Baba Seidu, yayan Alhaji Mumuni. A unguwarmu in an yi rasuwa samari ne ke ɗauko bencina da kafa rumfa, kuma mai neman aure a gidan shi ya kamata a fara gani da benci a ka. Na san haka sarai. Amma an ce sai bayan azahar za a yi sallah, ga sabuwar feda tana kallona. Na ce wa mahaifiyata, Mma Adiza, in an zo nemana ta ce na gurɗe ƙafa, zan lallaɓa in zo jana'iza. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi matsattsen gajeren wandon tseren da na cusa kaina a ciki, ta ce, "Allah ya shirye ka." Na sulale ta ƙofar baya.

Gaskiya fedar ta yi daɗi. Na yi wajen hanyar filin jirgi na dawo ban tsaya ko sau ɗaya ba, saboda haka ban gwada cirewa ko sau ɗaya ba. Abin da ban sani ba, motar maƙabarta ta ce da hantsi kaɗai za ta samu zuwa, an dawo da sallah baya.

Na biyo wani lungu mai gangara don kada a gan ni. Ina fitowa bakin hanya sai ga makara a gabana, mutane shida sun ɗauke ta a kafaɗa, jama'a na biye ana ta la'ilaha illallahu. Kowa ya san ƙa'ida, in gawa za ta wuce mai keke sauka yake ya tsaya. Na danne birki. Na murɗa diddigen dama, shiru. Na murɗa na hagu, ko gezau. Keke ya tsaya cak ya fara tunanin ɓangaren da zai kwanta. Hagu kwata ce, irin kwatar Nima da ba sai na yi muku bayani ba. Dama kuwa Baba Seidu ne.

Na zaɓi Baba Seidu. Na miƙa hannu na cafke gefen makarar.

To ita makara ba a tsayar da ita a hanya. Ta ci gaba da tafiya, ni ma na ci gaba, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya a jikin mamaci. In na saki, kwata. In na ja da ƙarfi, in zubar da yayan surukina a titi. Sai na buɗe baki na shiga la'ilaha illallahu da ƙarfi fiye da kowa, ko a ɗauka da niyya na zo.

Wani tsoho mai raunin gani har ya ce mini, "Allah ya ba da lada, yaro." Amma wanda ke ɗauke da makarar kusa da ni, wani mahauci mai wuya kamar turmi, idonsa ras. Tsakanin kalmar shahada da kalmar shahada yake raɗa mini, "Kwasiya, wawa kawai, saki!" Ni kuma ina raɗa masa, "Ba ta sakuwa!" Masu karɓar ɗauka suna zuwa suna canjin kafaɗa kamar yadda aka saba, kowa ya iso gefena sai ya yi turus, ya ce "Agoo," wato gafara, ya ga babu inda zan matsa, ya zagaya ɗaya gefen. Mata a ƙofar gidaje suna kuka, na ga wata ta tsaya da kukan tana toshe baki da mayafi. Memuna ce. Wallahi da na san haka da kwatar na zaɓa.

Muka isa ƙofar masallaci. Nan ne fa za a sauke makara ƙasa, kuma duk wanda ke da ido ya gane in ta sauka da ni za ta sauka. Sai na ji murya a bayana ta ce, "Ku dakata." Alhaji Mumuni ne. Ya sa mutum biyu suka riƙe keken. Mahaucin ya ba wani kafaɗar makarar, ya kama ƙafata ya murɗa, na yi ƙara, fedar ba ta saki ba. (Masa Isaka bai cuce ni ba, kaya mai ƙarko ya sayar mini.)

Sai Alhaji ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa a gabana, a gaban liman da jama'ar unguwa, gawar yayansa tana jira a kafaɗun mutane, ya fara kwance mini igiyar takalmi. Dattijo mai furfura, a ranar makokinsa. Na ji kamar in narke in bi kwata. Yana kwancewa ya ce a hankali, ba tare da ya ɗago ba, "Ɗan Adiza, wace ce ta gurɗen, wannan ko waccan?"

Na ce, "Baba, ta samu sauƙi."

Ya ce, "Na gani."

Aka zare ni daga takalman aka bar su manne a jikin feda. Liman ya dubi cinyoyina ya ce ba za a yi sallah da wannan a sahu ba. Wata mai sayar da koko ta ara mini zani, na yi alwala a gurguje, na tsaya a sahun ƙarshe da safa da zanin atamfa mai hoton kifi.

Bayan addu'ar uku Alhaji ya aiko a kira ni. Na tafi na riga na yi wa Memuna bankwana a zuciyata. Na tsuguna. Ya daɗe yana ɓare goro, sannan ya ce keken bai dame shi ba, wandon ma tsakanina da Allah ne, ƙaryar ce ta tsaya masa. Ya ce shekara guda, duk rasuwa, duk suna, duk ɗaurin aure daga Nima har Maamobi, yana so ya ga benci a kaina kafin na kowa. In na cika, a zo a yi magana.

Na cika. Har tsakiyar kaina ta yi sanƙo, har yara suka sa mini suna Mai Benci, amma na auri Memuna, kuma ita ce ta faɗa mini daga baya cewa a ranar jana'izar, da aka watse, Alhaji ya shiga ɗaki ya kulle, aka ji yana wani irin sauti, kowa ya ɗauka kuka ne.

Yanzu in saurayi ya tambaye ni wace feda zai saya, ina ce masa ya sayi mai ƙarfi, amma kafin ya hau titi ya tambaya ko an yi rasuwa a unguwa. Darasin ke nan, ba ni da wani.

Shekaru bayan haka, da ciwon ajali ya kwantar da Alhaji, ya sa aka fitar da kowa daga ɗakin ya ce a bar ni. Na matsa kusa, idona ya cika da hawaye, ina jiran wasiyya. Ya kama hannuna, ya yi murmushi, ya ce, "Ranar tawa, don Allah, ka zo a ƙafa."