Amaryar da Na Kai Garou

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na karɓi makullin mota daga hannun mahaifina ba, Allah ya jiƙansa. Bana ya rasu, kuma tun da aka watse zaman makoki labarin nan yake ta dawo mini. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko na huta.

Mahaifina direba ne, ni ma direba ne. Bambancin kawai, shi duk Malanville Baba Direba ake ce masa, ni kuwa har furfura ta fito mini a gemu sunana ɗan Baba Direba. Ya yi ƙuruciyarsa yana jan babbar mota da albasa zuwa kudu. Da ƙarfi ya ragu sai ya sayi wata tsohuwar farar mota yana zagaya gari da ita. Ni ina jigilar fasinja tsakanin Malanville da Kandi, motata ta fi tasa ƙarfi da kyan jiki, amma in jandarma ya tsayar da ni ya karanta sunan da ke cikin parmi, wato lasisin tuƙi, sai ya miƙo mini ya ce a gaida tsoho. (Ban taɓa isar da gaisuwar ba.)

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kai amarya. A danginmu, har da maƙwabta, babu yarinyar da ake kaiwa ɗakin miji sai a farar motar Baba. Mata suna cewa hannunsa yana da albarka. Ni kullum a baya nake, da katifa a kan rufi da kwanoni suna ƙara a kunnena. Daga nesa nakan hango shi yana zagaya motar, ya leƙa wannan taga, ya leƙa waccan, ya tsaya surutu, sai mata su fashe da dariya da guɗa. Ni kuwa a raina cewa nake yi: tsufa ne, ya manta abin da ya zo yi, su kuma suna yi masa kirari.

A shekarar da ake shirin bikin Hajara, 'yar ƙanena, sai aka shiga muhawara a rediyo da tasha kan tsofaffin direbobi. Wasu na cewa a sake yi musu jarrabawa a gwada idonsu, wasu na cewa a yanke shekarun da mutum zai ajiye tuƙi dole. Ban taɓa damuwa da muhawarar rediyo ba, amma wannan na rungume ta kamar ni na haife ta. Duk inda na zauna ita ce. Na yi ta a tasha, na yi ta wajen mai shayi, na kai ta har cikin gida.

Ranar da dangi suka taru don tsara biki, na miƙe na yi jawabi. Na ce hanyar Garou, inda za a kai amarya, ba ta cikin gari ba ce, ga ramuka, ga amalanken jakai, ga yara a kan kekuna. Na ce rai ba abin wasa ba ne, kuma mutumin da ya ci jarrabawar tuƙi tun kafin a haife ni bai kamata a ɗora masa ran amarya ba sai an sake gwada shi. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, na sani. Sai dai ba gaskiyar ce ta tayar da ni tsaye ba.

Baba bai yi musu ba. Ya laluba aljihu, ya ciro makullin da ke ɗaure da wata tsohuwar igiyar fata, ya ajiye a tabarma tsakanina da shi. Ya ce, "To, ka kai ta." Na so a ce ya yi faɗa, da na fi jin daɗin ɗauka. Amma na ɗauka.

Ranar kai amarya na wanke farar motar da hannuna, na sa babbar rigar da na ɗinka don Salla. An ce a tashi bayan la'asar don a isa kafin magariba. Na juya motar na kawo bayanta daf da ƙofar zaure, yadda na ga Baba yana yi. Mata suka fito da amarya a lulluɓe tun daga kai har ƙafa, wasu biyu suna riƙe da ita, suka shiga baya. Na lura mata sun yi cirko-cirko suna kallona, kamar masu jiran wani abu. Na ce a raina, yau za su ga yadda ake aiki ba tare da ɓata lokaci ba. Ƙofa na rufuwa na taka mota. Na ji ana kiran sunana daga baya, na ɗauka yabo ne, har na ɗaga hannu ta taga.

A hanya amarya ta yi ta wani irin sauti a cikin mayafi, kafaɗunta suna rawa. Tausayi ya kama ni. Na yi mata nasiha irin ta uba, na ce ta yi haƙuri, kowace mace da haka ta fara, ta bi mijinta ta girmama surukai. Ina ƙara nasiha, kukan yana ƙaruwa. Masu rakiyar ma suka cusa fuska cikin gyale. (Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe ina da baiwar wa'azi.)

Muka shiga Garou ina danna ƙaho, babu ko mota ɗaya a bayanmu. Makaɗa suka taso, mata suka shimfiɗa tabarma, yara suka kewaye mu. Na fito na gyara riga, na gaya wa abokan ango cewa da tsoho ne, da yanzu bai wuce kasuwa ba. Na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji.

Aka zaunar da amarya, wata gwaggon ango ta yi bisimilla ta ɗaga mayafi.

Gwaggo Tabawa ce. Ƙanwar mahaifina, kakar amarya, bakinta jawur da goro, haƙora ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Ta share hawayen dariya ta dubi jama'a ta ce, "To, ina angon nawa? Ku ce ya hito, na gaji."

Kiɗa ya tsaya. Sai wata mata ta faɗi a kan tabarma don dariya, daga nan kowa ya ɗauka. Ango ya leƙo ya koma. Wani dattijo ya tambaye ni da harshen Dendi, cikin natsuwa, ko a Malanville yanzu haka ake yi, a karɓi sadakin jika a kawo kaka. Babbar rigar nan ji na yi kamar buhun shinkafa aka ɗora mini. Babu inda zan shiga, motar ma yara sun zauna a kanta.

Muna nan har rana ta yi ja, sai ga ayari yana tafe a hankali. Motata ce a gaba, Baba yana tuƙi, Hajara a baya idonta ya kumbura, don ita kukan gaske ta sha da ta ga an tafi an bar ta. Baba ya fito, ya gaisa da dattawa ɗaya bayan ɗaya, ya ba su haƙuri, ya miƙa amana. Sai da ya gama ya juyo wajena. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta. Ya ce, "Ka maida gwaggonka gida. Kai ka ɗauko ta."

A hanyar komawa ne Gwaggo ta warware mini. Ashe wasa ne tsakaninta da yayanta tun suna da ƙarfinsu. Duk bikin gida sai ta lulluɓa ta shiga mota a matsayin amarya, shi kuma ba ya tashi sai ya gane wadda ya ɗauka. Da can hannu yake dubawa. Daga baya sai ya koma tsayawa bakin taga yana cewa, Allah sarki Tabawa, an tsufa, ko biki ba a iya fitowa. Ita kuma ba ta iya haɗiye wannan, sai ta rama, asiri ya tonu, a yi dariya a fito da amaryar gaske. Na tambaye ta me ya hana ta tsayar da ni. Ta ce ta daɗe ba ta ga Garou ba, kuma wa'azin ya yi mata daɗi.

Da muka ƙara gaba kaɗan, sai ta ce, "Gaskiyarka, idon nasa ya tahi. Shi ya sa ya bar duba hannu. Shi ma ya sani. Ya ce mini Hajara ce ta ƙarshe, daga ita zai ajiye."



Ya kuwa ajiye, bai sake tuƙi ba har ya koma ga Allah. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban sami bakin tayar da ita ba. A zaman makokinsa mata suka yi ta zuwa daga Gaya, daga Madécali, daga ƙauyukan bakin kogi, wasu da jikoki a baya, kowacce tana cewa shi ya kai ta ɗakinta. Ina zaune ina amsa gaisuwa, hawaye a idona, kuma wallahi na ji ɗan abin nan ya motsa a ƙirjina kamar da. Ina kishin mutumin da muka binne jiya. Sai wata tsohuwa daga Garou ta gama addu'a, ta duba fuskokinmu ta ce, a cikinku wanne ne ya kawo mana kaka? 'Yan'uwana duk suka nuna ni.

Har yau ina ganin ya dace a riƙa gwada idon tsofaffin direbobi. Sai dai wanda zai kawo shawarar, a fara gwada zuciyarsa tukuna. Da an gwada tawa a ranar, da ko keke ba a ba ni ba.