Rasuwar Ubale, Jirgin Malam Yahuza

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaron da ya ƙi karɓar abinci tun shekaranjiya, Malam Yahuza Maitama, ɗan Yawuri mai koyar da lissafi a Lembah Pantai, yake sanar da Hausawan Kuala Lumpur rasuwar jirginsa na katako mai tafiya da iska, wanda aka fi sani da Ubale. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi a bakin kogin Klang, inda yake haɗuwa da teku, yana ɗaure a turkensa. Sannu a hankali ya nutse, bai dami kowa ba. Ya bar duniya yana da shekara talatin da huɗu, biyar na ƙarshe a hannun Malam.

Sun haɗu ne a 2003. A shekarar ce uwargida Sakinatu ta ɗauki 'yarsu Bintu suka koma gida jinyar mahaifiyarta, da niyyar wata uku. Jinya ta yi tsawo, takardun dawowa suka cije, kuma har yau ana cewa sai baɗi. Shirun gidan ya ishe shi, sai wata Asabar Malam ya shiga jirgin ƙasa ya zauna har ƙarshen layi. Can wajen masu gyaran jirage ya tarar da marigayin a yashe, fenti ya ɓare, ƙyallen iskarsa duk ya yage. Ƙamshin jiƙaƙƙen katako ya doki hancin Malam, ya tuna mahaifinsa mai sassaƙar kwalekwale, bai bar wurin ba sai da aka yi ciniki. Sunan mahaifin ya raɗa masa, kuma da yake ɗa ba ya kiran sunan uba gatsau, sai ya zama Ubale.

Wallahi an kula da marigayin. Kowace Asabar Malam yana can da gajeren wando, mutum da digirinsa uku, yana goge katako kamar wanda aka sa horo. Ya sa masa sabon ƙyallen iska da sababbin igiyoyi. Ya sauya masa inji, ya ɗaura rediyo, ya kafa na'urar duba alƙibla. Ya ƙera 'yar kujera mai shinge daidai yarinya 'yar shekara uku, don ranar da Bintu za ta zo. 'Yan uwa sun raka shi yawo sau ɗaya tak. Abdulwahidu, maƙwabcinsa mutumin Kano, ya yi ta amai har aka dawo, ya rantse shi da teku sai a hoto. Daga ranar ba wanda ya sake zuwa.

Marigayin mai haƙuri ne, mai riƙe sirri. Bai taɓa duba agogo ana yi masa magana ba, bai taɓa tambayar yaushe iyali za su dawo ba. In Malam ya taka shi, sai ya ce ƙiii, kamar dattijo yana gyara zama. In iska ta cika ƙyallensa, sai ya ce faf-faf-faf. In aka yi tsit, ruwa na taɓa cikinsa, cal, cal, nan Malam yake buɗe shinkafar da ya yo tapau, wato ya sayo a ƙunshe, a hanya, ya ci yana ba shi labarin mako.

Ciwon ajalin kuwa, Malam ba zai ɓoye ba, da hannunsa a ciki. Pak Samad, tsohon da ke kula da wurin, ya sha gaya masa a fitar da jirgin kan tudu duk shekara, a kankare ƙasansa a shafa maganin tsutsa, barinsa a ruwa tak boleh lah, ba ya yiwuwa. Malam ya yi murmushi irin na ɗan gado. A Yawuri, ai wawa ne ke fitar da jirgi daga ruwa. Katako ya bushe ya tsage, ruwan ne ke kumbura shi ya toshe kafofinsa. Haka ya ga mahaifinsa na yi, shi zai zo ƙasar wasu a koya masa jirgi? Ashe ruwan Neja daban, ruwan gishiri daban. Shekara biyar Malam yana ƙawata sama, tsutsar teku tana cin ƙasa. Da aka ciro gawar, Pak Samad ya danna katakon da yatsa, yatsan ya shige. Tsohon bai ce ai na gaya maka ba, ya dai cire hularsa. Wannan ya fi yi wa Malam ciwo.

Marigayin ya rasu ya bar inji ɗaya da ya sha gishiri, da ƙyallen iska da bai cika shekara biyu ba, da wata kyanwa mai kwana a inuwarsa. Ya bar 'yar kujerar da ba a taɓa zama a kai ba. Mai ita yanzu shekararta takwas, ko ta zo ba za ta shiga ba. Ya bar Malam Yahuza, wanda bai san inda zai kai kansa ranar Asabar ba. An sanar da Sakinatu ta waya. Ta yi masa jaje, ta ce Allah ya sa iyakar asarar ke nan, sai katin waya ya ƙare.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan Azahar a wurin Pak Samad. Liman ya ce ba a yi wa katako salla, Malam kuma bai yi musu ba. Za a sa zarto a raba marigayin, mai kyau a ba masu gyara, ruɓaɓɓe a ƙone. Jirgin ƙasa na kai mutum har kusa da wurin.

Zaman makoki kwana uku ne a gidan Malam, Pantai Dalam, hawa na tara, ƙofa ta ƙarshe. Ya shimfiɗa tabarma, ya aro kofuna goma sha biyu, shayi kuma ba zai yanke ba. Ya san za a yi dariya, ya yafe tun yanzu, a zo a yi ta a gabansa. Ba sai an san mamacin ba, ba sai an kawo komai ba. A zo dai a zauna, ko mutum ɗaya ne.