Riga a Baibai a Gidan Surukan Sadisu

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Sadisu ba, ko da na so mantawar ma, domin mutanen kamfaninmu sun yi rantsuwa ba za su bar ni in huta ba.

Bari in fara gaya muku irin mutumin da nake, kada ku ce ganganci na yi. Ni da tufafi tun fil'azal ba ma shiri. Bakin ɗinkin nan da ke cikin riga, wanda ku ba ku ma san da zamansa ba, ni ina jin sa tun daga hammata har ƙugu, kamar an jera min tururuwa. Ɗan ƙyallen da ake liƙawa a wuyan singileti kuwa, in ban yanke shi ba, ko karatun sallah sai ya rikice min. Ranar Sallah yaran unguwa suna tsalle da sababbin kaya, ni ina bayan ƙofa ina kuka, Umma tana cewa, "Wannan yaro da tsirfa yake, wallahi." Sai da na girma har na fara aiki sannan wata likita ta ce min abin da ke tare da ni sunansa otizim (a rediyo na ji suna cewa galahanga, sunan da har yau bai kwanta min ba). Ta ce fatata da kunnuwana suna jin abu fiye da na sauran mutane. Na ce to madalla, ashe dai ba iskanci ba ne.

Don haka na sama wa kaina lafiya. Na samu wani yadi mai laushi, ruwan toka, na ɗinka kaftanai iri ɗaya, babu aiki babu kwalliya. A kamfanin roba da nake aiki a Sharada, inda nake duba bokitai da butoci kafin a ɗaure su, da yawa sun ɗauka riga ɗaya gare ni. Har wani ya taɓa jawo ni gefe ya ce in ina da matsala in faɗa, a haɗa min. Na ce ba ni da matsala, ku ne kuke da ita, da kuke canja kaya kullum ba wanda ya sa ku.

Sadisu ne kaɗai bai taɓa tambayata ba. Mutumin Jigawa ne, yana kan injin da ke fitar da bokitan. Lokacin cin abinci benci ɗaya muke zama wurin mai shinkafa da wake a bakin get, kuma ya iya zama kusa da mutum ba tare da ya cika shi da surutu ba. A wurina wannan ba ƙaramar baiwa ba ce. In ka cire shi, ban san wanda zan kira aboki ba.

To, sai Allah ya haɗa shi da 'yar wani malami a Ɗorayi. Gidan ilimi ne, yayyenta duk ma'aikatan gwamnati. Malam ya amince, amma akwai masu gunaguni a dangi cewa an ɗauki yarinya an ba leburan kamfani. Sadisu ya ji, kuma abin ya tsaya masa a rai. Ran nan a kan benci ya ce min:

"Mutumina, kai ne babban aboki. Kai ɗan gari ne, maganarka a tsare take. In an ɗaura, muka shiga gaida iyaye, kai za ka yi godiya a madadinmu. So nake su ga ina da mutane."

Na ce ba komai. Har na ji wani daɗi, don ba a taɓa ba ni irin wannan matsayi ba. Sai ya ƙara da cewa, "Anko kuma farar shadda ce, babbar riga da 'yar ciki. Na riga na kai wa tela, kai dai ka je ya gwada ka."

Inna lillahi! Shadda fa! Shaddar da aka kai bugu ta sanƙare, in ka motsa tana ƙara. Nan ne ya kamata in buɗe baki in ce, Sadisu, ni shadda cizona take yi. Amma na gaji da jin kalmar tsirfa a rayuwata, kuma ban so in ji ta daga bakinsa ba. Na haɗiye, na ce Allah ya kai mu.

Na je wurin telan na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce don Allah tawa 'yar cikin kada ya sa mata gam, farin abin nan mai tauri da suke mannawa a bayan aiki. Ya dube ni ya ce, "Haba yallaɓai, anko ne fa. In na cire gam aikin zai langaɓe, a ce ban iya ɗinki ba." Na ce to ya yi mata shafi mai laushi ta ciki. Ya ce, "In sha Allahu." (Ni in mutum ya ce min zai yi abu, ɗauka nake zai yi. An sha gaya min tela ba ya cikin wannan lissafi, amma ba na ji.)

Da safiyar ɗaurin aure aka kawo min kayan. Babu shafi, babu dalilinsa. Na daure na zura 'yar cikin. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Gam yana kartar ƙirjina, guntayen zare suna sokin wuyana, bakin ɗinki yana yankar hammatata. Gumi ya karyo min. Mafi muni, jawabin godiyar da na haddace tsaf ya ɓace daga kaina ɓat, ko sallamar ban iya tunawa ba. Na fizge rigar na jefar a kan katifa, na zauna ina huci, ina tsine wa duk wanda ya ƙirƙiro anko.

Can sai dabara ta zo min. Singiletina ai a baibai nake sa ta kullum, ɗinkin yana waje. Na ɗauko 'yar cikin na juya ta, na saka. Alhamdu lillahi! Fuskar shadda ashe santsi gare ta, fuskar aikin ma sumul. Duk muguntar tana ciki ne, inda ba a gani. Na sha fama da maɓallai, amma na ɓalle su. Na ɗora babbar riga a kai, na ƙi naɗe hannuwanta a kafaɗa, na bar su sun zubo sun rufe komai. Ɗan abin da ya leƙo a wuya fari ne a kan fari. Na dubi madubi na ce wa kaina, kai, Allah ya yi maka basira.

A masallaci komai ya tafi daidai. Aka ɗaura, aka yi fatiha, ana ta musabaha. Har wani abokin aikinmu ya ce, "Oga, ashe kana da kyau!" Jawabina ya dawo kaina cif, ina ta bitarsa a zuci.

Daga masallaci zuwa gidan Malam ɗan tattaki ne. Damina ce, an kwana ana ruwa, layin duk ya caɓe. Muna dab da ƙofar gidan sai ga wani mai adaidaita sahu ya taho a guje, ya faɗa cikin kwatami, ya watsa wa ango baƙin ruwa tun daga ƙirji har gwiwa. Bai ko waiwayo ba. Sadisu ya tsaya yana kallon rigarsa. Ga shi an riga an aiko cewa iyaye suna jira. Wani ya ce, "A ba shi rigar wani, maza!"

Tsawonmu ɗaya da Sadisu. Ban yi wata-wata ba na cire babbar rigata, ya tuɓe tasa, na zura masa, na gyara masa wuya, na naɗe masa hannuwa a kafaɗa. Ya yi fes. Kuma wallahi ina jin kaina a lokacin, ina cewa yau na yi abin da ake kira abota.

Za ku ce yaya aka yi na manta? Ai nan gizo ke saƙar. Ni abin da yake cizona shi nake tunawa yana jikina. Wanda ya bar ni lafiya, mantawa nake da shi sam.

Ni ne a gaba muka shiga falon Malam. Dattawa sun cika shi, ga yayyen amarya a jere a gefe. Na durƙusa, na kafa idona a kan zanen darduma (kallon idon mutane yana tarwatsa min tunani), na fara. Abin da suke gani kuwa, daga baya aka ba ni labari: farin gam shimfiɗe a ƙirjina, zare yana reto ta ko'ina, aljihuna duka a waje suna lilo, ga kuma zanen alli da tela ya yi ya ratsa kafaɗata. An ce abokai sun yi ta yi min ido da ɗaga gira. Ni da ke kallon darduma? Wani ya ja ni ta baya, na ture hannunsa, don na tsani a taɓa ni ba shiri.

Falon ya yi tsit. Na ce a raina, ka ga, jawabi yana ratsa su. Na ƙara ɗaga murya, na gode wa Malam da ya dubi hali bai dubi abin hannu ba, na gode wa iyaye mata, na yi addu'ar zuri'a ɗayyiba.

Ina rufe baki sai wani tsoho, baffan amarya, ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗan samari, ruwan da aka kwana ana yi bai ishe ku ba ne?"

Ni kuma in aka yi min tambaya, amsa nake bayarwa. Na ce, "Ya isa, Alhaji, har ya yi yawa."

Ya ce, "To ai na ga ka juya riga ne, na ce ko sallar roƙon ruwa za ka ja mu."

Sai a lokacin na sunkuya na dubi ƙirjina.

Dariyar da aka yi, har mata sai da suka leƙo ta labule su ga abin da ya faru. Mai hankali a nan shiru zai yi, ya yi murmushi, a wuce wurin. Amma ni in na ruɗe bayani nake yi, kuma ba na tsallake komai. Na ji bakina yana cewa, "A'a, Allah gafarta Malam, ba haka na fito ba. Da a rufe take. Babbar rigar da ke jikin ango ai tawa ce, ara masa na yi."

Ango da rigar aro, a gaban mutanen da tun farko suke cewa ba shi da komai! Na ji wani daga cikin yayyen amarya ya ce, "Ikon Allah." Maimakon in tsaya, sai na shiga gyarawa. Na yi musu bayanin mai adaidaita. Na yi musu bayanin gam, da yadda yake kartar fata, da shafin da tela ya yi alkawari bai yi ba. Har na kai ga gaya wa surukan Sadisu cewa singiletin da ke jikina ma a baibai take. Malam ne, Allah ya saka masa, ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa, ɗana. Allah ya yi albarka. A yi fatiha."

Sau ɗaya na saci kallon Sadisu. Kansa yana ƙasa, ya damƙe bakin rigar da hannu biyu. Ana shafawa na sulale, ko abinci ban tsaya ci ba. A cikin adaidaita ina ta zagin kaina har gida. Mutum ya roƙe ka abu ɗaya tak, ka fitar da shi kunya, kai kuma ka je ka tsoma shi a ciki har wuya.

Duk kwanakin hutun angoncinsa ban kira shi ba, shi ma bai kira ba. A kamfani kuwa labari ya riga ni isa. In hadari ya haɗo sai ka ji wani daga bayan inji ya ce, "Oga, a taimaka a mayar da riga daidai, mun yi shanya a gida!" Na daina zuwa benci, ina cin abincina a tsaye a bayan sito. Na riga na sallama cewa abokin nan guda ɗaya na rasa shi.

Ranar da ya dawo aiki, shi ya zagayo ya same ni a can, da kwanon shinkafarsa a hannu. Ya jingina da bango ya ci loma biyu kafin ya yi magana.

"Kunya dai ka ba ni, ba zan ɓoye maka ba," in ji shi. "Yayan amarya har yanzu tambayata yake ko hular ma ta aro ce."

Na ce, "Ka yi haƙuri."

"Wannan zai wuce. Malam ma cewa ya yi wanda ya tuɓe rigarsa ya ba ka, ka riƙe shi. Ba kunyar ce ta ƙona min rai ba." Ya ajiye cokali. "Shekara nawa muna zama benci ɗaya? Ka gaya wa tela shadda tana cutar da kai. Ka gaya wa surukaina, har da baffanta. Ni ne ban kai a gaya min ba?"

Da ƙyar na ce ina tsoron ya ce tsirfa ce.

Ya ce, "To tsirfar ce mana! Sai me? Ai da na sani da ban ɗora maka ba. Kai nake so su gani, ba yadi ba." Ya ɗauki kwanonsa ya yi gaba, sannan ya waiwayo. "Ka taho mu zauna, ni ba na iya cin abinci a tsaye."

Na bi shi, ina jin haushin kaina fiye da na ranar bikin. Darasin da na koya kuwa, kyauta zan ba ku: in abu yana cizonka, ka gaya wa mutuminka tun kuna ku biyu. Ni bayanin da na ƙi yi wa mutum ɗaya a zaune, shi na yi wa falo guda a durƙushe, aljihuna a waje.