Yadda Za Ka Shiga Jirgin Paraku da Rigar Yayanka

Kai ɗan Gaya da za ka Kwatano saro gishiri karon farko, bi matakan nan. Na yi maka alkawari za ka sauka daga jirgin ƙasa a sanyaye. Ni gwani ne, na taɓa shiga sau ɗaya.

1. Ari riga. Kada ka je kamar talaka. Roƙi yayanka kore, mai shuni da ƙyalli, wadda yake zuwa idi da ita. Nawa yayan, Seyni, ita kaɗai ya gada wurin mahaifinmu. Ya ce, "Yakuba, ka dawo mini da ita yadda take." Rantse masa. Na rantse sau uku.

2. Saka ta tun daga gar, wato tashar jirgi. Kamyo, babbar motar kaya, zai sauke ka Paraku. Zuba kore bisa taguwa biyu, ka naɗa rawani. Babban ɗan kasuwa ba ya jin zafi, ƙananan mutane ne ke ji.

3. Zaɓi inuwa. Da safe zauna hannun dama, ka yi wa na hagu dariya. Jirgi kudu ya nufa, bayan azahar rana za ta zagayo kanka. Wannan ban sani ba sai da ta zagayo.

4. Kada ka karɓi shawara. Mariyama mai bandar kifi ta dube ni, ta ce, "Ɗana, tuɓe rigar nan ka ninke, gemunka ya koma baƙi-shuɗi." Ce mata haka jikinka yake. Gumi na wanke shunin yana gangarawa har cikin takalmi, kai dai ka daure.

5. Buɗe taga. Iska za ta shigo, tare da tartsatsin wutar injin. Idan ka ji ƙauri kada ka zargi kifin Mariyama. Kafaɗarka ce. Huda goma sha ɗaya, har bisa aikin wuya.

Gargaɗi. Wanda ya bi matakan nan ya ƙone, ba ruwana, kuma kada ya neme ni a Gaya. Wata bakwai ke nan ina dakon gyaɗa a gar ɗin Paraku, kunya ta hana ni ƙetare kogi in koma gida. Jiya Seyni ya aiko direba ya ce mini, "Yayanka ya ce riga ba komai ba ce, ka zo gida, inna na tambayarka." Zafin jirgi na jure shi har Kwatano. Wannan saƙon ne na kasa.