Rasuwar Kujerar Ƙarfe ta Gindin Katanga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai cike da tsami, tsohuwar gidan ƙarshen layi na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kujerarta ta ƙarfe, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, tana tsaka da aiki.

Marigayiya ta yi shekara goma sha tara a gindin katanga. Mai haƙuri ce, mai riƙon amana. Sau ashirin a yini tsohuwa kan taka ta don shanya, ko da babu wanki, ba ta taɓa kai ƙara ba. Iyakar maganarta "ƙiii" in an hau, "ƙyat" in an sauka.

Da aka kai gawa, mai walda ya juya ƙafar da ta karye, ya ce ciwon ya daɗe. Wai tsaga ce kamar gashi, kowace hawa tana ƙara mata tsawo. Ya ce da can bakin tsagar kaushi ne da shi, haƙora sun cije juna, shi ya sa take tafiya a hankali, wannan cizon ne ma yake kukan. Sai ya shinshina, ya tambayi wane mara imani ne ya ɗura mata man keken ɗinki har cizon ya saki. Tsohuwa ta ce ita ba ta jin magana sosai. Amma fisabilillahi, ya mutum zai ji abin da matar direba, maƙwabciya, ke faɗa wa mijinta a bayan katanga da wannan ƙiii a ƙarƙashinsa?

Wai kuma a jikin karayar ya ga shaidar hawa sama da dubu ɗari, ya faɗa a gaban surukarta. Bakinsa ya fi wutar waldarsa.

Ta rasu ta bar ƙafa uku, da bokiti ƙaninta wanda ba ya ɗaukar nauyi, da rikicin maƙwabta da aka bari a tsakiya, daidai inda direba ya ce a kira masa yayarsa.

Mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, zai ɗauki gawa gobe da safe. Ana karɓar gaisuwa a ɗaki, tsohuwa na kwance rub da ciki. Kada a kawo abinci. Wanda ya san abin da yayar direba ta ce da ta zo, ya shigo kai tsaye ba sai ya bi layi ba.