Tiyon Ban-Ruwa a Cikin Injin Mota

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanena Sanusi ba, kuma ko na so in manta, mutanen gidanmu ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Haushin mutum uku nake ji: bakanikena Sahabi, taubashina Lawwali, sai ni kaina, wanda ya fi su duka cancantar mari.

Sana'ata sayar da injinan ban-ruwa da kayansu a Talata Mafara. Tiyo, filogi, baƙin mai, duk abin da manomin rani zai nema ina da shi. Na daɗe ina kwance waɗannan injina ina ɗaurawa, har ya kai duk abin da ke shan fetur yana ƙara, kallon ƙanen bayana nake yi masa. Wannan girman kan shi ya kai ni inda ya kai ni.

Ina da wata 'yar ƙaramar mota. Tsohuwa ce, amma ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Aibinta ɗaya, ba ta da gudu. Shi kuma Lawwali ɗan Kawu Bawa ne na garin Dakko, can ƙasar Bakura, kun san wasan taubasai ba a fushi, to shi ya mayar da motar nan abincinsa. In ya cim mini a hanyar Bakura sai ya wuce ni da tasa akwalar, ya rage gudu, ya fito da hannu yana yafito ni kamar mai kiran akuya. Ranar da abin ya kai ni bango, a gaban surukaina ya ce, "In za ka zo Dakko yawon Sallah, ka taso tun goma ga azumi." Kowa ya yi dariya, har da matata (ta ce wai tari ne ya sarƙe ta). Ni ma na yi dariyar, amma a daren nan ban ci tuwo ba.

A waya na fara ganin abin da ake kira turbo. Wani ƙarfe ne mai kama da dodon-koɗi, hayaƙin inji ke juya shi, shi kuma ya riƙa cusa wa injin iska, sai ƙarfin mota ya ƙaru. Na kalli hotunan bidiyo ba adadi. Sai dai gaskiya, inda motar ke tashi kamar za ta bar ƙasa nake kallo. Da mutumin ya tsaya yana dogon bayani yana nuna bututu, sai in tura gaba.

Na tafi Gusau wajen masu kayan mota na gwanjo na samo ɗaya. Mai shagon ya jawo wani buhu ya zazzage a gabana: ga turbo, ga wasu siraran bututun ƙarfe a lanƙwashe, ga wani kuloci mai nauyi duk ya yi tsatsa. Ya ce daga mota ɗaya aka ciro su. Na dubi bututun, na ce in dai hanyar da baƙin mai zai bi ya shiga turbo ya fito ce, ni da nake kwana cikin tiyo me zan yi da wannan tarkacen? Na dubi kulocin, na ce ba zan sa wa motata tsatsa ba. Na tsallaka shagon gaba na sayi sabo fil a kwali, irin dai wanda ke cikin motar tun asali. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, farantin kulocin da aka yi don ya riƙe ƙarfin ƙaramin inji, yaya zai yi in ƙarfin ya ninku. Ƙyallin kwali kawai na bi.

Sai Sahabi. Wallahi ko sunansa na ambata sai raina ya ɓaci. Na ajiye masa kaya a garejinsa ina zuba bayani da manyan kalmomin da na tsinto a waya. Na ce ga siririn tiyon injin feshi, shi zai kai mai cikin turbo. Ya ce, "Haka na, Alhaji." (Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban hana shi ba.) Na ce ga tiyon ban-ruwa, shi zai mayar da man ƙasa, tiyon da ke wuni yana jan ruwa a rana ai ba ɗan man mota zai gagare shi ba. Ya ce, "Haka na, Alhaji." Na ce baƙin man ma ba sai an sayi na galan ba, ga na durom da nake zuba wa injinan manoma. Ya gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi. Da na ga bakanike guda bai musa mini ko sau ɗaya ba, sai na ƙara tabbata cewa ni gwani ne.

Da aka gama muka zagaya gari, ni da shi kawai, mota ba kaya. Jama'a, ta tashi. Ina taka totur sai in ji wani siririn fito daga gaba, kujera ta manne mini a baya. Ban yi nisa ba na dawo, don ba na son labari ya kai kunnen Lawwali kafin ranar da na shirya masa.

Ranar kuwa ita ce Juma'ar ɗaurin auren Sanusi, a wani ƙauye kusa da Dosara, bayan an sauko masallaci. A nan sai na gaya muku waye Kawu Bawa a wurinmu. Mahaifinmu ya rasu Sanusi yana rarrafe, Kawu ya kwashe mu ya kai Dakko ya riƙe mu tare da 'ya'yansa. Lokacin aurena yana kwance asibiti, wani ne ya karɓa mini. Tun daga nan ba ya da zance sai na cewa in Allah ya kai shi, shi zai zauna gaban liman ya karɓi auren Sanusi da bakinsa. Shi ne wakilin ango, har farar babbar riga ya ɗinka musamman.

Da Lawwali aka shirya zai kai shi. Ni na je har gidan Kawu na ɓata shirin. Na ce ina babban wan ango, a ce Kawu ya shiga wata mota ba tawa ba? Na yi ta naci har Kawu ya gaji ya ce, "To, na ji. Ni dai ba ni son gudu, kuma ba ni son latti." Lawwali ya ɗebi ango da abokansa suka yi gaba tun da hantsi. Ni kuwa da gangan na yi ta jan ƙafa, don so nake in taso a makare in cim masa a hanya in wuce shi, in fito da hannu in yafito shi. Wannan shi ne dukan burina, mutum da gemunsa da 'ya'yansa.

Da muka zo tashi sai ga aminan Kawu su uku da sandunansu, sai ga wani maƙwabci ya ce shi ma a rage masa hanya. Wa zai dubi dattijo ya ce ba wuri? Aka cusa su. Aka ɗora huhun goro da katan-katan na alewa a but. Motar ta zauna har ta kusa shafar ƙasa.

Daga Bakura zuwa Mafara lafiya lau, har ina satar kallon Kawu ko zai yaba. Bayan mun ɗauki hanyar Maradun ne na fara jin abin da ban gane ba. In na taka, inji ya yi kururuwa, amma gudun bai ƙaru ba. Sai wani ƙauri ya fara shigowa kamar ana babbakar ƙafar saniya.

Kawu ya ce, "Wanga ƙauri hwa?"

Na ce, "Sabon kaya ne, Kawu, yana zama."

Akwai wani wuri da ruwa ya cinye kwalbati, motoci na sauka cikin yashi su haura ta ɗaya gefen. Muka sauka. Wajen haurawa na sa giya ɗaya na take totur har ƙasa. Injin ya yi ihu, turbo ya yi fito, mota kuwa ta tsaya cak a tsakiyar hawa, sannan ta fara silalowa baya a hankali. Kulocin kwali ya ƙone ƙurmus. Ga inji da ƙarfi kamar me, amma babu abin da zai kai ƙarfin ga taya.

Dattawa suka fito suna salati. Wurin nan ba wurin da ake son tsayuwa ba ne saboda 'yan bindiga, kowa ya sani, kowa na waige-waige. Da ina da hankali da na kashe motar na nemi mafita. Ina. Sai na buɗe gaba, inji na aiki, wai in nuna musu matsalar ƙarama ce. Kawu ya matso ya leƙa. Na kai hannu na ja wayar totur. Siririn tiyon nan na feshi, wanda ya sha zafin turbo tun daga Bakura har ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya, ya fashe. Baƙin mai ya yi tsartuwa ya wanke wa Kawu gaban riga tun daga wuya har gwiwa. Allah ya taimaka rigar mai kauri ce, bai ƙone ba. Sauran man ya zuba kan ƙarfe mai zafi, wuta ta kama. Da yashi muka kashe ta, wani tsoho da hularsa ya riƙa ɗibowa.

Na koma gefe na kira Sahabi. Na zazzage masa duk abin da ke bakina, sannan na ce, "Kai da kake bakanike, ba ka san tiyon roba ba ya zama kusa da turbo ba?"

Ya ce, "Alhaji, ni ban taɓa ɗaura turbo ba, ranar na hwara ganin shi. Yadda kaka bayani na ɗauka kai ka san abin."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Ka girme ni, Alhaji. Ina ni ina musu da kai?"

Kun ji fa. Ni ina jingine da shi, shi yana jingine da ni, ashe babu mai tsaye a cikinmu. Da a gabana yake da sai an raba mu.

Na kira Lawwali, na kira Sanusi, wayoyi a kashe, suna masallaci. Hanya ta yi tsit, kowa ya tafi Juma'a. Muna tsaye cikin rana sallar ta wuce mu. Kawu ya juya mini baya. Ya tuɓe rigar ya naɗe, ya zauna a kan wani dutse da 'yar cikinsa, ita ma duk dabbare-dabbaren mai, yana duban hanya. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Can sai ga wani Bafulatani a kan babur, muka tare shi da magiya ya ɗauki Kawu. Ni ma daga baya na sami wani mai babur na bi su, na bar tsofaffi na gadin goro.

A can kuwa liman ya jira har ya gaji. Dangin amarya da suka zo daga nesa suka ce su fa ba za su yi yamma a hanya ba. Ba yadda Sanusi zai yi, ya wakilta wanda ke kusa da shi, Lawwali. Kawu ya sauka daga babur daidai ana shafa fatiha.

Ni na iso ana watsewa, fuskata da hannuwana baƙi ƙirin, mutane na buɗa mini hanya kada in shafe su. Wani ya tambayi na kusa da shi ko bakanike aka kira, aka ce a'a, wan ango ne. Na shirya wa dariyar Lawwali, amma ko murmushi bai yi ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, har yau ban yafe masa wannan shirun ba.

Kawu na zaune a bakin tabarma da naɗaɗɗiyar rigarsa a cinya. Ya kira ɗansa ya ce, "Lawwali, da liman yat tambaye ka, mi kac ce?"

Lawwali ya durƙusa ya ce, "Na ce na karɓa mashi, Baba."

"Sake hwaɗi yadda kac ce."

Ya sake faɗa, tun daga farko. Ina tsaye ina ganin leɓen Kawu na motsi yana bin sa a hankali. Da ya gama sai Kawu ya ce, "To, madalla. Allah shi ba su zaman lahiya." Ya miƙe ya nufi motar Lawwali ya buɗe da kansa ya shiga, ko inda nake bai duba ba.

Ni ban daina ganin laifin Sahabi ba, kuma ba zan daina ba. Amma abin da na koya shi ne, in wauta ta ciyo mutum har ya ga lallai sai ya gwada ta, to ya zaɓi ranar Talata, ya shiga motarsa shi kaɗai, ya nufi inda babu wanda ke jiran sa.