Alhaji Tanimu Mai Gwanjo a Kan Dutsen Ƙanƙara

A layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai akwai wani Alhaji Tanimu. Ba zan ce masa marowaci ba, sai dai shi da kuɗinsa ba sa son rabuwa. Shekara talatin yana kwance dilar kayan sanyi, kuma a kowace dila sai ya tarar da irin kayan nan da Turawa ke sawa in za su yi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara: riga da wando masu kaurin katifa, da tabarau mai rufe rabin fuska, da takalma masu nauyin turmi. Ko masu gadi ba sa taya su. Sai ya dinga jibge su a bayan shago, yana cewa ranarsu na zuwa.

Ranar kuwa ta zo. 'Yarsa Rumasa'u ta haihu a ƙasar Ostiriya ta Turai, inda mijinta Dakta Nafi'u yake aiki, suka aiko masa da tikiti ya je ya ga jika. Lokacin tsakiyar sanyinsu ne.

Taubashinsa Sallau, mai shagon takalma da ke kallon nasa, ya same shi yana cusa wata jar riga da wandonta a jaka.

"Ina kuma za ka da wannan bargon?"

"Zamiya zan yi. Nafi'u ya ce akwai dutse kusa da su."

"Kai ɗin? Mutumin da ko hawa babur sai an riƙe masa gindi? An ce fa kuɗi ake zubarwa a wasan nan. Hayar kaya kuɗi, mai koyarwa kuɗi, hawa dutsen ma kuɗi."

"Wannan na wanda bai san kasuwa ba ne. Kaya ga su, na shagona. Koyarwa, me za a koya wa mutum a gangara? Gangara ai ita ke kai ka. Ka rubuta ka ajiye: ba zan biya ko sisi ba, kuma ba zan faɗi ko sau ɗaya ba."

Sallau ya kira maƙwabta su zama shaida. Aka tsaya a kan cewa in Alhaji ya cika duka biyun, Sallau zai ɗauko masa jaka a ka tun daga bakin kasuwa har ƙofar shago. In kuwa ya gaza ko da guda, zai wuni a shago cikin wannan jar rigar da wandonta, a ranar da Sallau ya zaɓa. Sallau ya ce ya riga ya zaɓa, tsakiyar watan Afrilu.

Safiyar da za su dutsen, Alhaji ya fito tsaf cikin kayansa. Nafi'u ya samo masa aron katakan zamiya da sanduna a wajen wani maƙwabci, saboda haka ta nan ma ba a kashe komai ba. Sai dai da Nafi'u ya ga rubutun Jamusanci da ke bayan rigar, fuskarsa ta canja.

"Baba, wannan rigar..."

"Ta ɗaya ce, zaɓen farko. Ni na kwance dilar da hannuna."

"E, Baba, amma abin da aka rubuta..."

"Nafi'u, shekara talatin ina sayar da riguna masu rubutu, ban taɓa ganin wanda rubutu ya hana shi jin ɗumi ba."

Nafi'u ya sunkuyar da kai. Suruki ba ya maimaita wa surukinsa magana sau uku, ko da likita ne. Ya yi niyyar in sun isa zai san dabarar da zai yi. Abin da aka rubuta a rigar shi ne: ma'aikacin ceto.

Da suka isa, Nafi'u ya shiga layin sayen tikiti a sace, don kada Alhaji ya gani. Alhaji kuwa ya zagaya neman ƙofar baya, domin a saninsa babu wurin da ba shi da ita. Ya saukar da tabarau, ya naɗe baki da mayafi, ya nufi inda wasu kujeru masu rataye a jikin waya suke kwasar mutane zuwa sama. Mai tsaron wurin ya hango jar riga. Nan take ya buɗe wata 'yar ƙofa ta gefe, har da ɗaga hannu. Mutanen da ke layi suka dare.

Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce a ransa ashe Turawan nan sun san girman dattijo, sharri ake yi musu. Ya zauna a kujera rungume da katakansa, kujera ta yi sama da shi. Da ya kai zango na farko ya ga wata kujerar tana ƙara gaba, an kuma sake buɗe masa ƙofa. Abin kyauta, bai ga dalilin tsayawa a rabi ba. Ya hau har ƙarshe.

A can ƙoli ya maƙala katakan a ƙafa kamar yadda ya ga ana yi, ya matsa bakin gangara, ya leƙa. Garin da suka bar mota ya koma kamar an watsa gero a faranti. Abin da yake kira gangara a Kano ya gane ashe wasan yara ne, wannan bango ne aka ɗan jingine. Akwai wani ƙarfen alama a kafe a gefe. Alhaji ya zauna a gindinsa a hankali, ya rungume shi. Zama ya yi, ba faɗuwa ba, wannan kowa ya shaida.

Sai mutane suka fara zuwa. Wata tsohuwa ta nuna masa gwiwarta tana bayani. Wani ya zo da taswira. Wasu 'yan mata suka nuna wani wuri can ƙasa suna magana da sauri. Duk wanda ya zo, Alhaji ya ce masa, "Lafiya ƙalau, sannunku," ya ƙara ƙanƙame ƙarfe. Ba a daɗe ba labari ya bazu cewa akwai wani ma'aikacin ceto a ƙoli da yake bukatar a cece shi.

Masu rigar na ainihi suka iso su biyu. Suka yi Jamusanci, suka yi Turanci, suka yi nuni da hannu. Alhaji ya nuna ƙafafunsa, waɗanda zuwa lokacin sun daina karɓar umarni. Suka jawo wani dogon kwando mai santsin gindi, suka kwantar da shi a ciki, suka naɗe shi da bargo har wuya, suka ɗaure da igiya uku. Ɗaya a gaba, ɗaya a baya, suka sulalo da shi har ƙasa. Rumasa'u, wadda ta biyo su dutsen, tana can ƙasa tana ɗauka a waya, don ya ce mata komai ya faru ta ɗauki saukowarsa.

Saukowar ba kyauta ba ce. Ta fi kuɗin tikiti da hayar kaya da mai koyarwa a haɗe, da ɗan abin da ya yi sama. Nafi'u ya shiga ofis ya biya shiru, ya fito yana ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin. Rigar ma ma'aikatan ceton sun so karɓewa, Alhaji ya ce sai dai su taya.

Da ya dawo Kano, bai sauka ko'ina ba sai bakin kasuwa. Ya ajiye jaka, ya aika a kira Sallau da shaidu.

"To, ɗauki. Sisina bai fita ba, kuma ban faɗi ba."

"A kawo shaida," in ji Sallau.

Alhaji ya miƙa waya da ƙarfin gwiwa. Aka yi cincirindo. Aka ga farin dutse, aka ga mutum biyu masu jajayen riguna suna gangarowa, a tsakaninsu wani dogon ƙunshi a ɗaure, ba abin da ya fito sai hanci da tabarau.

"Wanne ne kai a ciki?"

"Na tsakiya."

Sallau ya sake kallo daga farko, a nitse, har ƙarshe.

"Ka ga na faɗi?" in ji Alhaji.

"Ban gani ba."

"Ka ga na sa hannu a aljihu?"

"Hannun ma a ɗaure yake."

"To me ya rage? Ɗauki jaka, mutane na jira."

Sallau ya miƙa masa wayarsa, ya juya wajen shaidu.

"Jama'a, ku tanadar masa ruwan sanyi na Afrilu. Ai gawa ma ba ta faɗuwa, kuma ba ita ke biyan kuɗin makara ba."